Karsanar da Nafi'u Ya Sayar

"Ina karsanar Baffana?"

Na yi tambayar ina kallon turken da ke tsakar gidansu a Gure, igiya kwance a ƙasa. Nafi'u ya yi murmushin nan nasa na wanda ya sha iskar Rabat shekara biyu, ya miƙo mini kwali.

"Buɗe ki gani, Balkisa, hasken idona..."

Ordinata ce, wato kwamfuta, sabuwa fil. Wai da ita zan fara karatu.

Ni 'yar makiyaya ce daga Kelle. Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, jami'o'i biyu suka karɓe ni in karanta tattalin arziki, ɗaya a Dakar, ɗaya a Rabat. Ta Dakar raina ya fi so, don malamansu na nazarin kasuwar dabbobin Sahel, ga ƙanwar Innata a can. Ta Rabat suna gare ta da manyan gine-gine, sai kuma Nafi'u, wanda shi ma abin da yake karantawa ke nan. So ya rufe mini ido, na ce Rabat.

Baffa Bobbo ya ƙi Nafi'u da farko, ya ce bai yarda da yaron da ke toshe hanci a bakin garke ba. Sai da na yi kuka har na rame sannan ya sauko. Da ya sauko kuwa, ya ɗaura wa Nafi'u habbanaye. A wurinmu wannan shi ne ƙarshen yarda: a ba ka aron karsana, ka riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama naka, uwar ta koma gida. Ko yunwa za ta kashe ka, ba ka sayar da ita.

"Nafi'u... ina take?"

Ya gyara tabarau kamar mai shirin ba da darasi. Ya ce saniya a ɗaure jari ne da ke barci, tana ci ba ta kawowa, farashi kuma ya hau saboda 'yan Najeriya sun shigo da kamyo, manyan motocin ɗaukar shanu. Mai ilimi, in ji shi, ba ya barin dama ta wuce. Kai, wani ilimin gara jahilci da shi!

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

"A'isha ce ta ce ai kyauta ce."

A'isha, 'yar kawunsa, wadda uwarsa ta daɗe tana yi masa tanadi. A Bune ta girma cikin Fulani, ta san habbanaye sarai. Tana bakin ɗaki tana yankan farce, ko kai ba ta ɗago ba.

Nafi'u ya ce, "Kin san in da na sani..."

"Sau nawa ka zo rugarmu? Ka taɓa tambayar abu ɗaya?"

Ya ce in bar zancen ƙauye, in mun je Rabat zan waye. Ya ce zai biya Baffa har da riba.

Nan ne son ya fita daga raina, sai raini ya maye gurbinsa. Na ajiye masa kwalinsa kan turken, na fice. Washegari na je lise, tsohuwar makarantarmu, na ce wa shugaba na zaɓi Dakar. Na yi kuka a hanyar komawa, ba zan ɓoye ba, don na so shi da gaske.

Ana gab da tafiyata ya zo ruga ban haƙuri, da babbar riga da buhun sukari. Ina cikin bukka ina jin su. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa nono mai sanyi, ya tambaye shi gajiya da mutanen gari.

Nafi'u ya fara, "Baffa, game da karsanar nan..."

Baffa ya dube shi a natse.

"Sannu da zuwa, baƙo. Ɗan gidan wa ne kai a Gure?"