Iska a Cikin Kuloci

"Shiga mana! Don Allah ki shiga!"

Gusnita ta sake danna giyar da dukkan ƙarfinta. Motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kulocin kuma ya tafi ƙasa laƙwas a ƙarƙashin ƙafarta.

Ga albasa maƙil a baya, ga kasuwar Padang tana jira. Ta ja birkin hannu, ta kifa goshi a kan sitiyari.

Da ta ɗago, sai ta ga inda motar ta zaɓa ta kunyata ta: daidai ƙofar garejin Zulhendri.

Shekara biyu tana wuce wurin nan ba ta juya kai. Tun da mahaifinta ya rasu ta ajiye takardun jami'a, ta ɗauki makullin tsohuwar motarsa. Duk garinsu na Alahan Panjang an yi mata dariya, ta shanye. Sau biyu tana jan motar har Solok wani bakanike ya canza mata faifan kuloci, don kawai kada ta tsaya a nan.

Ya fito yana goge hannu. Ya rame.

"Nita..."

"Gyara na zo, Uda. Ba gaisuwa ba." Uda, wato yaya, haka ake kiran namijin da ya girme ka a garinsu.

"Ni ma ban ce ki sauko ki durƙusa ba."

Daga rumfar abinci ta tsallaken titi Uni Desmi ta ɗaga murya, "Ikon Allah! Yau mai digiri ce a wurin masu baƙin farce?"

Gusnita ba ta kalle ta ba. Cikin garejin take kallo. Bango fayau, sifanoni duk an ɗaure su a kwali.

"Tashi za ka yi?"

"Batam. Ranar Alhamis."

Yau Litinin.

"Faifai ne," ta ce da sauri. "Ka canza kawai."

"Wa ya gaya miki? Kashe injin. Sa giya."

Giyar ta shiga sumul.

"Tayar. Sake sawa."

Ƙarar nan ta dawo.

"To, taka kulocin sau biyar da sauri, sannan ki gwada."

Ta yi. Giyar ta shiga, da ƙyar.

"A kan tudu, in kin ba ta wuta, injin na ihu motar ba ta tafiya? Kina jin ƙauri?"

"A'a."

"To faifanki lafiya lau." Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Da ya miƙo hannu, yatsunsa sharkaf da mai. "Robar ƙaramin tulun nan ta ƙasa ce ta tsage. Mai na zuba, iska na shiga. Kina takawa, amma saƙon ba ya isa. Shekara nawa kina canza abin da bai yi laifi ba?"

Ta cije leɓe.

Ya kwance tulun, ya wanke, ya sa sabuwar roba, ya mayar, ya cika gwangwanin mai na sama. Tana zaune tana satar kallon bayan wuyansa, tana jin haushin kanta.

"Saura fitar da iska," ya ce. "Wannan kuma mutum ɗaya ba ya yi. Ke kina takawa, ni ina buɗe noti a ƙasa. Kada ki saki sai na ce."

Ya sake ɓacewa. Ba ta ganinsa, ba ya ganinta. Muryarsa ce kawai ke tasowa ta ƙasan kujera.

"Taka sau uku... riƙe!"

"Na riƙe."

Ta ji tsss, kulocin ya nutse.

"Saki."

Wataƙila rashin ganin fuskarsa ne ya kwance mata baki.

"Me ya sa kuka maido da ganyen?"



"Wane ganye?"

"Kada ka raina min hankali, Uda! Kamar kowace yarinya a garin nan na roƙi yayan mahaifiyata, Mamak Syafril, ya je gidanku ya nema min aurenka. Da hannuna na jera ganyen sirih na neman aure a tasa. Ya dawo ya ce mahaifiyarka ko taɓawa ba ta yi ba!"

Sifana ta faɗi ƙasa.

"Taka... riƙe." Sannan ya ce, "Nita, ranar nan mahaifiyata tun asuba take kan murhu. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ni na goge farcena da buroshi har jini ya fito. Mun zauna har la'asar ta wuce... ba wanda ya zo."

Ƙafarta ta fara ɗagowa daga kan kulocin.

"Ƙarya ne..."

"Kada ki saki! Iska za ta koma!"

"Na riƙe! Na ce maka na riƙe!"

Tsss.

"Saki. Washegari Uni Desmi ta kawo min abinci, ta ce kin ce ba za ki shigar da mai baƙin farce gidan mahaifiyarki ba. Ta ce ga ƙanwarta nan, in ina so."

"Kuma ka yarda?"

"Ke ba ki yarda ba?"

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba, hannuwanta na damƙe da sitiyari.

"Da ka zo ka tambaye ni."

"In zo gidanku in yi bara? Namiji ne ni, Nita, zuwa ake a neme ni. Kullum ina jin tahowar motar nan tun daga kwana. Na san kulocin na yoyo tun bara. Ina cewa, yau za ta tsaya... sai ki wuce."

Sau bakwai suka yi. A na bakwai ta ji kulocin ya yi tauri, yana turo ƙafarta.

Ya fito fuskarsa duk mai.

"Sa giya, ƙanwata."

Giyar ta shiga ba ƙara.

"Kada ka tafi."

"Na riga na yi sallama da kowa. In na zauna, da wane suna zan zauna?"

Ba ta nufi Padang ba. Ta juya motar da albasarta, ta bar Uni Desmi cikin hayaƙi, sai ƙofar Mamak Syafril.

Bai musa ba: bai taɓa kai ganyen ba.

"Don ke na yi," ya ce. "Mun kai ki jami'a ki ƙare da bakanike?"

"Mamak, shekara biyu ina tuƙa mota ina ciyar da gida, ba ka ce digirina ya zube ba."

Mahaifiyarta ta ji komai a tsaye. Sai ta ɗauko tasar tagulla, ta aika a kira autan ƙannenta maza.

"Gidan nan nawa ne," ta ce. "Kuma ba ɗan'uwa ɗaya gare ni ba."

Ranar Laraba da hantsi danginta suka haura gidan su Zulhendri. Yarinya ba ta shiga irin wannan zama, don haka Gusnita ta tsaya can ƙasan hanya. In an tauna ganyen nan mai rina baki ja, an karɓa. In ba a tauna ba, gobe zai kama hanyar Batam. Mahaifiyarsa kuwa mace ce da aka taɓa bari a kan tabarma har yamma.

Awa ɗaya. Awa biyu.

Ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta koma farko.

Can ta hango shi yana saukowa a hankali, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Zuciyarta ta tsinke.

"Uda... ka yi magana mana!"

"Mahaifiyata ta sa su sun ba da haƙuri sau uku."

"Sannan?"

Ya yi murmushi, haƙoransa da leɓensa jawur da ganyen da ya tauna.