Hoton Da Ya Raba Zaid Da Aikinsa

Tun da aka kafa Abuja ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni a gidana na Kubwa ba. Ni Dallatu, wanda in na kafa hula na fito har masu shago ke leƙowa, wai ni ake kawo wa shayi babu madara!

"Maimuna, wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?"

"Ka tambayi 'yarka, Alhaji," in ji matata. "Ita ke haɗa maka, kuma ga ta can tana kuka."

Nabilah 'yar marigayi yayana ce, a hannuna ta tashi, ni ne waliyyinta. Wanda take so shi ne Zaid, yaro mai kunya da ke aiki a kamfanin buga takardu na Alhaji Abdulmajeed. Ranar da ya zo gaishe ni, sai da na ƙare wa takalminsa kallo.

"Albashi ɗaya a Abuja? 'Yata ba za ta zauna a ɗaki ɗaya a Orozo ba. Ba ka da wata sana'a?"

"Na iya ɗaukar hoto, Baffa."

"To ga ɗaurin aure duk Juma'a!"

"Muna aiki ranar. Sai dai in nemi izinin Oga."

"Izini? Ka ce asibiti kake kai mahaifiyarka. Wane oga ne zai hana?"

Daga bayan labule Nabilah ta ce, "Baffa, ƙarya fa ke nan."

"Dabara dai, yarinya."

Zaid ya bi maganata. Alhaji Abdulmajeed bai yi musu ba, har kankana da lemo yake ba shi ya kai wa mara lafiya. Nabilah kuwa kullum tana waya: "Plis Zaid, ka faɗa masa gaskiya. Wallahi hankalina bai kwanta ba."

"Bari a ɗaura aurenmu tukuna," in ji shi.

Wata Juma'a aka yi biki a Maitama. Ba a gayyace ni ba, amma shaddata sabuwa ce, na je. Zaid ya ɗauke ni hoto — jama'a, hoto! Ko ango bai kai ni ba. Kyau irin wannan ai ba a ɓoye shi, sai na tura zauren WhatsApp na masallacinmu, na rubuta: "Aikin surukina Zaid, yau a Maitama. A neme shi!" Na manta ni da kaina na saka Alhaji Abdulmajeed a zauren, don a san ina hulɗa da manya.

Ranar Litinin ya kira Zaid ofis.

"Yaya jikin Mama?"

"Da sauƙi, Oga."

Ya miƙa masa waya. Ga ni nan ina murmushi.

"Zaid, ba sana'ar ce ta ɓata min rai ba. Da ka faɗa min, da na bar maka Juma'ar, har kyamara in saya maka. Amma ka ɗora wa mahaifiyarka ciwon da ba ta da shi, ni kuma ina yi mata addu'a a sujada? Ajiye makullan ka tafi."

Da labari ya iso gida na buga ƙafa na ce a fasa auren, ba na ba mara aiki 'ya. Nabilah ta durƙusa, hawaye har haɓa.

"Baffa, ko ɗaki ɗaya ne zan zauna. Ya yi kuskure, amma ba shi kaɗai ya yi ba. Zan jira shi."

Daga ranar madara ta ɓace a shayina.

Zaid ya fara neman gafarar mahaifiyarsa, ita kuma ta kama hannunsa har ofishin Alhaji Abdulmajeed, da ƙafafunta lafiya lau. Alhaji ya yafe, amma kujerar an riga an ba wani, yardar nan kuma ba ta dawo yadda take ba. Zaid ya sha wuyar yawon bukukuwa da kyamarar aro, Nabilah na ba shi haƙuri. Sai bayan damina Alhaji ya kira shi ɗaukar hoton walimar ɗansa, daga nan manya suka san shi. Ni ma na sauko, aka ɗaura aure, amarya ta tare a Orozo, a ɗakin da na raina, tana dariya.

Yara, neman ƙarin halal ba laifi ba ne. Amma wanda ya ba ka amana, ka faɗa masa kafin ya ji a waje. Aiki ana samun wani, yarda ce ke wuyar dawowa.

Da aka kawo hotunan bikin na duba kaf, babu ni sai hannun rigata a gefe guda. Na ɗaga murya zan yi ƙorafi, Maimuna ta ce, "Wa ya koya masa ƙaryar? Wa ya tona ta?"

Na cire hula na ajiye a gwiwa.

"Ni ne, Maimuna. Duka biyun."

Ta tura min gwangwanin madara.