Dutsen da Datti Ya Zare a Alƙahira

Magariba ta kawo jiki, Datti na zaune a tsakar gidansa a Kura, yana ba matarsa Saude labarin Masar karo na ashirin. Kwas ɗin ban-ruwa aka tura shi na sati uku, ya dawo yana taku kamar shi ya haƙa Kogin Nilu. Sai curin laka ya faɗo cikin tuwonsa. Wani ya biyo baya. Aka duba katanga, babu kowa.

Kwana huɗu ana haka. Da rana ta faɗi sai daɓen ɗaki ya jiƙe sharkaf, alhali tsakiyar rani ne. Ran na biyar 'yarsu Hajara ta yar da tsintsiya, ta kafe uban da ido, numfashinta na gurgura kamar mai nitsewa.

Aka ɗauko Malam Hambali daga Bunkure. Ya yi karatu har murya ta dushe, sannan yarinyar ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Ku tambayi mai ƙaton kan nan abin da ya yi a Alƙahira."

"Aiki na je," in ji Datti.

"Ranar da aka kai ku kallon tsohon gari fa? Ka ga magudana a wani kango an toshe da dutse. Wa ya aike ka ka zare shi?"

Datti ya sunkuyar da kai. To ina laifin bawan Allah? Mutum ya shekara goma sha biyu yana buɗe wa ruwa hanya, ga baƙi na kallo, ai hannu da kansa yake tafiya.

"Shekara ɗari bakwai ina bayan dutsen nan," in ji muryar. "Ruwa ya cinye min gida. Na biyo shi har cikin jirgi, yana ta minshari."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba," in ji Malam. "Me zai fitar da kai?"

"Gidan nan."

"Ba ka samu ba."

Sai muryar ta rage farashi.

"To albasar gonarsa. Saura sati ya cire ta. Ya sakar mata ruwa da hannunsa, ta kwana uku a ciki. Kuma kada ya faɗa wa kowa dalili."

Datti ya ce, "Malam, ko rabin gonar..."

"Baban Hajara," in ji Saude, ba ta ɗaga murya ba, "dubi 'yarka."

Washegari da hantsi Datti ya buɗe ruwan. Ruwan na shiga kunyar ƙarshe, can gida Hajara ta yi atishawa, ta ce a ba ta koko.

Manoma suka jeru a bakin gona suna kallon albasa na nitsewa. Uba, maƙwabcin gonarsa, ya ce, "Datti, haukacewa ka yi?"

Datti ya gyara zaman hula, idanu jajir.

"Ku da ba ku taɓa hawa jirgi ba, me kuka sani a kan albasa?"