Kwandon da Ya Sauko Wayam

Kwandon ya sauko wayam. Nagat mai ɗinki ta leƙa cikinsa, ta kifa shi, ta kakkaɓe, ba abin da ya faɗo sai ɓawon albasa. Sai ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihun da ya danne lasifikar masallaci, ana tsakiyar huɗubar Juma'a, lokacin da babu namiji ko ɗaya a layin.

"Hajiya! Ina kuɗin?"

Daga barandar hawa na uku Hajiya Tahiyya ta leƙo, igiyar tana hannunta. "Wane irin ina kuɗin? Da hannuna na sa su, yarinya, kada ki haukata ni!"

Hajiya Tahiyya ita ce uwar adashin matan wannan layi na garin Damanhur, a ƙasar Masar. Ciwon gwiwa ya hana ta sauka daga bene, don haka komai nata a kwando yake hawa, a kwando yake sauka: gurasa, magani, zubin adashi. Wannan watan matan sun bar wa Nagat kwasar farko, fam dubu ashirin, ba kuɗin ruwa ba komai, don su cire ta daga bakin Alhaji Shahata. Shi ne mai gidan benen, shi ne kuma mai kantin da ke ƙasa, inda yake ba da firji da bashi. Lokacin aikin idon mijinta Nagat ta karɓi rance a wurinsa, ya sa ta dangwala yatsa a farar takarda, ba rubutu ko ɗaya. In Lahadi ta yi ba ta biya ba, zai cike adadin da ransa ya so, ya kai kotu. Daga kotu kuwa sai gidan kaso.

Ihun ne ya fito da Ansaf daga gidanta da ludayi a hannu. Tsohuwar gandiroba ce a kurkukun mata, ta yi ritaya da muryarta da mugun kallonta. Ta san farar takardar nan sarai. Irin wannan takarda ta Shahata ce ta kai ƙanwarta Wadida kurkuku a kan injin wanki guda, kuma Ansaf ce, da kakinta a jiki, ta riƙa kulle wa 'yar'uwarta ƙofa har tari ya kashe ta a ciki. Tun ran nan ba ta ƙara amsa sallamar Shahata ba. In ta wuce kantinsa sai ta tofar da yawu, kuma ba a ɓoye ba.

Kafin a idar da salla mata sun cika layin, sun rabu gida biyu. Wasu na cewa tsohuwa ce ta cinye amana, wasu na cewa Nagat ce ta soke kuɗin a ƙirji don a sake tara mata.

"Ku rufe mini baki!" in ji Ansaf. Aka yi tsit. Ta ja Nagat zuwa ƙarƙashin matakala, ta caje ta irin cajin da ta ƙware a kai, tun daga kitso har silifa. Fam uku ta samu, da allura.

"Kin ga kwandon yana saukowa?"

"Ina zan gani, Yaya Ansaf? Rumfar kantin ta tare sama. Sai da ya zo daidai kaina."

"Wa ya san yau za a ba ki?"

"Wa bai sani ba? Jiya Hajiya daga sama ta kwaɗa mini kira, ta ce in zo lokacin huɗuba, ba idon maza."

Ansaf ta yi tsaki. Sirri ke nan da aka faɗa wa gari guda. Ta hau bene tana haki, tana zagin wanda ya gina matakalar.

Ta iske Hajiya a kan kujera tana sharɓar kuka. "Ni za a ce wa ɓarauniya, Ansaf? Ni da na riƙe adashin uwayensu tun ba a haife su ba?"

"Kukan ya jira. A ina kika ƙulla kuɗin?"

"A kicin. Cikin koren hankicina, kamar kullum."

"Kin leƙa kina zura igiyar?"

"Da wace gwiwar? A zaune nake zurawa. In na kai rabi in huta, hannuna ya dawo, sannan in ci gaba. Kowa a gidan nan ya san haka."

"Me kika sa a ciki ban da kuɗi?"

Tsohuwar ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta. "Abin da nake sa wa kowace mai kwasa mana. Ɗan damƙin alkama da habbatussauda da gishiri, a tsakankanin takardun. Alkama don su yi albarka, gishiri don ido. Ke ba ki taɓa kwasa ba ne?"

Ta taɓa, mantawa ta yi. Ansaf ta fita barandar Hajiya, ta duƙa ta shafa ƙasa. Tas take, ko ƙwaya babu.

Baranda biyu kwandon ke wucewa kafin ya kai titi. Ta hawa na biyu gidan haya ne da ke kulle tun da masu shi suka tashi. Ta hawa na ɗaya kuwa ta Ummu Ragab ce, wadda duk layin ya san ta so kwasar farko don auren ɗanta, aka hana ta, ta yi mako tana kumburi. Can Ansaf ta nufa.

"Na san abin da ya kawo ki," in ji Ummu Ragab, ta riƙe ƙugu a bakin ƙofa. "Don na yi fushi sai na zama ɓarauniya? Shigo ki duba, in kin ga fam ɗaya ki yanke mini hannu."

"Ina kike da aka zura kwandon?"

"A kan tukunya. Je ki ga barandar, ki gaya mini ta inda zan taka."

Gaskiyarta. Barandar cike take maƙil da ganyen lalo da ta shanya a kan zanen gado, tun daga bakin ƙofa har jikin ƙarfe. Ya bushe ƙayau, ko kyanwa ta bi ta kai sai ta bar sawu, kuma babu inda ya farfashe. Ansaf ta tsuguna daga bakin ƙofa. A kan koren ganyen, ta wajen ƙarfe, ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, da baƙaƙe ƙanana a tsakaninsu.

"Kina sa alkama a miyar lalo ne, Ummu Ragab?"

"Allah ya sawwaƙe! Wace ƙazamar ce ke haka?"

Ansaf ta ɗaga kai. Daga barandar sama, ta gidan da aka ce a kulle yake, tana jin gurnanin tattabaru da fiffikarsu. Ta sauka titi, ta tsallaka can ɗaya gefen inda rumfa ba ta tare ido, ta duba. Tattabarun unguwa sun bar ko'ina, sun yi dandazo a baranda guda, suna ture juna. Ansaf ta yi murmushi. Daɗi take ji, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

Ta tafi caji ofis ta taho da Saje Bayyumi, wanda suka san juna tun tana aiki, yana tafe yana mitar an raba shi da abincin rana.

Suka tarar da Alhaji Shahata ya buɗe kanti, yana zaune da farar jallabiya da carbi, yana yi wa matan wa'azi. "Abin da nake gaya muku ke nan. Adashi wasan yara ne, ba takarda, ba shaida. Mai son rance ta zo inda ake da tsari." Ya juya ga Nagat da muryar tausayi. "Ki yi haƙuri, 'yata. Amma Lahadi tana nan yadda take."

"Alhaji," in ji Saje, "ina kake lokacin huɗuba?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Yallaɓai? A masallaci. A kan haƙƙin maƙwabci liman ya yi magana."

"Jakin mai kayan miya ma ya ji wannan," in ji Ansaf. "Lasifika ba ta ɓoye wa kowa. Wa ke da makullin hawa na biyu?"

Bai dube ta ba, Saje ya ba amsa. "Ni kaɗai. Ga shi a wuyana. Tun da 'yan haya suka tashi ba wanda ya taka ciki."

"Ko kai?"

"Ko ni. Wallahi."

"Kowa ya ji ko?" Ansaf ta tambayi matan. Suka ce sun ji.

Aka hau, mata na biye. Da ƙofa ta buɗe, ga sawun takalmi a kan ƙura, ya tafi baranda ya dawo. Saje ya tura ƙyauren baranda, tattabaru suka watse fir! A ƙasa ga ragowar alkama, ga habbatussauda da tsuntsayen suka raina, ga gishiri yana ƙyalli.

"Tsuntsaye ne suka kawo," in ji Shahata.

"Har da gishirin?" Ansaf ta matso kusa da shi. "Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ka manta. Jiya kana ƙarƙashin rumfarka ka ji Hajiya ta faɗi lokaci. Yau maza suka tafi masallaci, kai ka hawo nan ka tsuguna. Kwando ya tsaya a gabanka, tsohuwa na huta hannu, ka miƙa naka ka ɗauke. Ka kwance hankicin nan take don ka ga ko sun cika, saboda kai ko uwarka ce ta ba ka kuɗi sai ka duba. Abin da ba ka sani ba, kuɗin adashi ba su tafiya su kaɗai. Duk matar da ke tsaye a nan ta san a kan tire ake kwance ƙullin Hajiya. Kai ina za ka sani? Ba ka taɓa zuba kwabo tare da kowa ba."

"Ƙarya take! Ƙiyayya ce, kowa ya san tana ƙina!"

"Ina ƙin ka, ƙwarai kuwa. Zazzage aljihunka."

Ya ƙi. Saje ya zura hannu da kansa cikin aljihun jallabiyar, ya juyo shi waje. Ƙwayoyin alkama suka zubo a kan siminti, ana jin ƙararsu ɗaya-ɗaya don shirun da aka yi. Ummu Ragab ce ta fara rangaɗa guɗa.

A akwatin ƙarfen kanti aka sami sauran: koren hankici, da kuɗin, habbatussauda maƙale a tsakaninsu. Ƙarƙashinsu ga fararen takardu jibge, kowace da tambarin yatsa a gindinta.

"Amma me zai yi da dubu ashirin, mutum mai gidan bene?" Saje ya tambaya yana juya hankicin.

"Ba kuɗin yake so ba," in ji Ansaf. "In Nagat ta biya ta adashi, gobe wata ma ta biya, wa zai ƙara dangwala masa? So yake mu kira juna ɓarayi, adashi ya mutu, mu dawo layi a ƙofarsa. Shagon ɗinkin Nagat kuma ya faɗo hannunsa, ya zama ƙari."

Saje ya zaro takardar Nagat, ya sa a cikin kayan shaida tare da sauran. Ya ce mata kuɗinta za su dawo hannunta a gaban alƙali, kuma wannan takarda ba mai sake cike ta. Nagat ta sulale ƙasa tana kuka, tana sumbatar hannun Ansaf. Ansaf ta janye hannunta, don ba ta gama ba.

Ta ɗauki farar takarda sabuwa daga teburin Shahata, ta buɗe kwalin tawadarsa, wanda yatsun matan layin suka lotsa tsakiyarsa. Ta ajiye su a gabansa.

"Dangwala nan, Alhaji. Bayaninka ne. Saje zai cike daga baya."

Saje Bayyumi ya dubi fuskarta, ya kau da kai.

Shahata ya ɓoye hannunsa a baya kamar an nuna masa wuta. "A farar takarda? Kin haukace? Ai sai ku rubuta abin da kuka ga dama! Wane mai hankali ne zai dangwala a farar takarda?"

Ba wadda ta yi dariya. Matan da suka cika ƙofar kantin suka tsaya suna dubansa, rabinsu da tambarin yatsunsu a cikin akwatin nan.

"Wadida," in ji Ansaf. "Tana da hankali, injin wanki ne ba ta da shi."

Ta ninke takardar ta soka masa a aljihun da alkama ta fito. Da aka fito da shi, can sama Hajiya Tahiyya ta riga ta zuro kwandonta, yana lilo daidai bakin rumfa. Ansaf ta ciro zubinta na wata mai zuwa ta jefa a ciki, ta ja igiyar don tsohuwa ta ji. Sannan ta bi bayan Saje har caji ofis, don tana so ta ji da kunnenta ƙarar makullin da za a rufe Shahata da shi.