Awarwaron Layin Maƙera

"Wace ce wannan?"

Na ajiye wayar a gaban Jibrin, a falon yayana Badamasi da ke unguwar Al-Naseem. Saura wata ɗaya ɗaurin aurenmu, ni kuwa kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Kamfaninsu ne ya tura shi Hanoi, can Vietnam. Kamila, 'yar ƙanwar babansa da ta daɗe tana sonsa, ita ta turo mini bidiyon daga wayar yayanta da suka tafi tare da Jibrin.

Na kalle shi har na haddace layin. Wani tsohon lungu ne matsattse, gidaje siraran duk gansakuka, babura kamar ƙudaje. Ga Malam Jibrin yana leƙa shago bayan shago, idonsa a hannuwan matan mutane. Can ya tsayar da wata 'yar fara, ya nuna tsintsiyar hannunta, suka shige wani shago tare. Nan aka yanke.

"Dama na faɗa miki," in ji Yaya. "Khalas! A fasa auren."

"Zaituna, habibti..."

"Kar ka habibti ni! Na ce wace ce?"

"Wallahi ko sunanta ban sani ba."

"Au! Abin har ya kai haka?" na ce.

Ya zaro wani ƙunshi daga aljihu. Awarwaron azurfa ne, an zana sunana da Larabci a ciki.

"Layin maƙeran azurfa ne tun kakanninsu. Tsohon maƙerin da na samu ya ce ba ya ƙira sai da awo. Ranar tun safe nake neman mai hannu irin naki."

Zuciyata ta yi sanyi, amma ban yarda na nuna ba.

"A ina ka san hannuna?"

Yaya ya gyara zama, shi ma yana jiran amsa.

"Kwana tara na yi a asibitinku na Shumaisi kina sa mini ƙarin ruwa. Ina kike so na kalla?"

Kunya ta kama ni. Na zura awarwaron, ya cije a gaɓoɓin yatsuna.

"Ashe ma bai san hannun ba," Yaya ya taɓe baki.

"Kawo a sake..." Jibrin ya fara, murya a sanyaye.

Na tashi na shiga kicin, na shafa sabulu, na danna har hawaye ya zubo. Na dawo na ɗaga hannuna, ya yi jawur.

"Yaya, ya shiga. Kuma ba zai fita ba."