Kujerar da Mai Fito Ya Bari

Auta na durƙushe a falo tana goge wa Baba takalmi, sai ga Yaya ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannu kamar ya kamo ɓarawo.

"Baba, yau dai asiri ya tonu! Ga aikin da surukin naka yake yi in ya tashi daga shago."

Baba ya matse idanu, don tun da ya ajiye tuƙin bas ganinsa ke raguwa. "Ina na ga wannan ƙananan rubutu? Karanta mu ji."

Auta ta ajiye takalmin. Ta san hirar guruf ɗinsu na waya ce.

Saurayin nata Injiniya ake ce masa, mai haɗa sola. Ranar da ya zo yi musu gyara ya hangi littafin Kogin Madubi a kan firij, ya tsaya da wayar wuta a baki yana tambayar na wane ne. Daga nan hira ta ƙullu, ya saka ta a guruf ɗin masu karanta littafin, har magana ta kai ga aure, har ya zo ya gaida Baba.

Shi kuwa littafin, labarin wani mai fito ne da ke haye da mutane kogin da ruwansa ya zama madubi, zuwa birnin da ba a ciwo. Jama'a na turereniya, sarakuna na kuka suna roƙo, amma kujerar da ke kusa da shi ba ya ba kowa. Kullum sai ya goge ta, ya bar ta haka. A shafin ƙarshe wata yarinya ta taɓa kujerar — ta ji ta da ɗumi! Nan littafin ya ƙare. Marubuciyar kuwa, ko tambayarta aka yi sai dai ta yi murmushi.

Yaya ya gyara murya yana kwaikwayo. "Wai, 'Jama'a, ni ban yarda aljani ne ke zama a kujerar ba.' Wata ta ce matarsa ce da ta mutu. Wani ya ce ai kujerar mai karatu ce. Ga 'yarka nan ita ma, wai 'yarsa ce da ta nutse! Shi kuma surukin naka, Sarkin Shirme, sai zuba yake, shafi-shafi. Baba, ƙato da gemu, a kan kujerar ƙarya!"

"Yaya, wallahi ba ya wasa da aikinsa..."

"Yi min shiru!" Baba ya daka mata tsawa. "Mutumin da ke ɓata hankalinsa a kan wanda bai taɓa rayuwa ba, shi zai riƙe min 'ya? Ki fita daga wannan guruf yanzu. Shi kuma kada in ƙara jin ƙafarsa a ƙofar gidan nan."

Ta ɗauko wayarta ta danna ta fita. Ta ruga kicin ta kife kai a cinyar Umma, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Yi haƙuri, autata," Umma ta ce tana shafa mata baya. "Babanki tsoro yake ji. Ido na tafiya, yana so ya ga hannun da zai bar ki a ciki."

Saƙo ɗaya Injiniya ya turo bayan ta sanar da shi: "Umarnin Baba ne, ba zan tsallake ba. Amma ina nan." Daga shi bai ƙara ba. Ko a titi suka haɗu, sai ya sunkuyar da kai ya gaishe ta ya wuce, ita kuma ta dawo gida ta jiƙa filo. Ƙawarta ta ce, "Ke dai baƙauyiya ce, sayi sabon sim mana ku riƙa magana a ɓoye!" Auta ta ce a'a.

Watanni suka wuce, idon Baba ya ƙara lalacewa, aka yi masa aiki. Likita ya kafa doka mai wuya: sai ya yi kwanaki a kife, fuska na kallon ƙasa, kada ya kuskura ya ɗaga kai. Aka jera masa filo a gado aka bar rami a tsakiya. Baba da bai iya zama wuri ɗaya ba! Rediyo ta ishe shi, baƙi sun ishe shi, kowa ya shigo sai ya sha faɗa.

Wata rana da hantsi Auta ta kawo masa magani, sai ta ji muryarsa daga cikin filo.

"Ke, wannan littafin naku na shirme yana nan?"

"Yana... yana nan, Baba."

"Ɗauko. In ji abin da ya cinye muku hankali."

Ta ɗauko ta fara karantawa. Da farko tsaki yake ta ja. Da aka zo inda kogin ya daskare ya zama madubi, taurari a sama taurari a ƙasa, jirgi na tafiya a tsakaninsu kamar a sararin sama, sai tsakin ya ɗauke. Ta tsaya ta sha ruwa, ya ce, "To, wa ya ce ki tsaya?"

Washegari tun kafin ta gama shara yake kira. Umma ma ta dawo da tsintar shinkafarta ɗakin. Yaya kuwa sai ya riƙa zuwa neman caja, caja ɗin da ke aljihunsa.

Ranar da suka kai ƙarshe, Auta ta karanta inda yarinyar ta taɓa kujera, ta rufe littafin.

"Ci gaba," in ji Baba.

"Ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare kamar yaya? Wa ke zama a kujerar?"

"Ai ba wanda ya sani. Abin da muke ta gardama a kai ke nan."

Can Baba ya ce, "Koma min inda guguwa ta taso. Da wane hannu ya riƙe sandar tuƙi?"

Ta buɗe. "Da hagu."

"Inda suka bar gaɓa fa?"

Ta lalubo. "Hagu... nan ma hagu."

"Ba mai tuƙi da hannu ɗaya cikin guguwa sai in ɗayan na da aiki. Ina damansa? Yana kan kujerar! Shi ya sa take da ɗumi."

Sau nawa Auta ta karanta littafin nan, ba ta taɓa lura ba! Ta shiga buɗa shafi bayan shafi — hagu, hagu, hagu. Umma ta saki tire tana salati.

"Kai! Ai abin da Sarkin Shirme ya rubuta ke nan!" Yaya ya faɗa daga bakin ƙofa, sannan ya toshe baki.

Umma ta kalle shi. "Au, kana cikin guruf ɗin har yanzu?"

"Ni... sa ido nake yi, Umma."

"Sa ido! Shi ya sa littafin ke ɓacewa daga kan firij?"

"Bar shi," Baba ya ce. "Karanto min abin da ya rubuta. Kuma ba da wannan muryar taka ta iskanci ba."

Yaya ya sosa ƙeya ya karanta a hankali: "Ni ina ganin mai kujerar yana raye. Wani ne da mai fito ke girmamawa, wanda ya ce masa ba zai shiga jirginsa ba. Bai ja shi da ƙarfi ba, bai yi fushi ya ba wani wurin ba. Ya dai ɗora hannu a kai, don duk ranar da ya amince kada ya tarar da ita da sanyi."

"Yaushe ya rubuta wannan?"

Yaya ya duba. "Bayan... bayan ka kore shi, Baba."

"Ya taɓa kiranki tun ranar, Auta?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Sai ta ga ɗigon ruwa a zanin gado, daidai ƙasan fuskarsa. Ta ruɗe. "Baba, likita ya ce..."

"Likita ya hana ɗaga kai, bai hana wannan ba." Ya ja numfashi. "Amma yaron nan ya yi kuskure a wuri ɗaya. Ni na ce ƙaninsa ne da suka yi faɗa. Ku kira min shi, in nuna masa bai iya karatu ba!"

Auta ta fashe da kuka da dariya lokaci guda, Umma ta rungume ta.

Da la'asar Injiniya ya zo, rigar aiki ma bai canza ba, ya durƙusa can bakin ƙofa yana gaisuwa. Baba bai iya ganinsa ba. Amma hannunsa na dama na kan kujerar robar da ke gefen gado, sai ya bubbuga ta da tafinsa.

"Taso ka zauna nan, ɗana. Tun da aka ce kana hanya nake riƙe maka ita."

Injiniya ya zauna, idanunsa jajir. Ba a yi nisa ba gardama ta kaure a kan ƙani ne ko ba ƙani ba, Yaya na tsoma baki wai shi har yanzu aljani ya yarda da shi. Auta na bayan labule tana share hawaye.

Da Baba ya warke, da kansa ya sa ranar aure. Har yau ba su daidaita a kan mai kujerar ba.

'Yan'uwana 'yan mata, da Auta ta sayi sabon sim, da ta rasa uba ko ta rasa miji. Ta bi iyaye ta yi haƙuri, Allah ya haɗa mata duka biyun. Ku kuma iyayenmu, don Allah ku saurari abin da yaranku ke so kafin ku kira shi shirme.