Igiyar Inna Ta Ƙarshe

Shafa'atu tana surfen dawa a tsakar gida sai ga mahaifinta, Alhaji Maitama, ya faɗo daga kasuwar auduga ta Bakori ko sallama babu, hula a hannu.

"Hansai! Fito ki ji! Wai ni Sanda zai yi wa dariya a bakin sikeli? Surukinsa ya gama jami'a a Ibadan, ni kuwa bakanike zan ba 'yata, mai warin baƙin mai!"

Inna Hansai ta fito daga madafa tana goge hannu. "Haba Alhaji, Sanda ai abokin wasanka ne..."

"Na riga na gama magana a gaban jama'a! Na ce in na ɗaura wa Shafa'atu aure da Abdussamad bai gama jami'a ba, to ke Hansai kin saku!"

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Shafa'atu. Kowa a gidan ya san sau biyu zafin ran Alhaji yana tsinka aurensa da Inna ana gyarawa. Igiya ɗaya ta rage.

Shi fa Alhaji ba mugu ba ne, bakinsa ne ke riga hankalinsa isa wuri. Ya ɗauka karatun boko hanyar mota ce, ka tashi Bakori, ka ratsa Funtua, sai ga ka a jami'ar Zariya. Bai san tun ranar da yaro ya gama firamare hanya ke rabuwa ba. Wasu su yi sakandare, wasu makarantar koyon sana'a, kuma can aka kai Abdussamad, har ya zama gwanin gyaran injin gurzar auduga a Funtua.

Da yamma ya zo zance ya iske Shafa'atu idanu sun kumbura. Ya yi dariya, don shi ma bai fi Alhajin sanin hanyar ba.

"Share hawayenki! An zaɓe ni kwas a Ingila, sikolashif na gwamnati. Can fa makarantu gida-gida suke. Ina gama kwas sai yunibasiti!"

Ta yarda, don tana son ta yarda. Ya tafi Ingila. Sa'o'inta duk suka yi aure, wasu har da goyo, ita tana gida tana kaɗi da saƙar huluna. In ta bi layi sai ta ji ana raɗa, "Ga matar Bature nan."

Da kakar 1965 ya dawo, ya rame, ya yi shiru-shiru. Ya durƙusa gaban Alhaji a zaure, Shafa'atu da Inna suna laɓe bayan asabari.

"Baba, na ci kwas ɗina, ga difloma. Amma mutanen jami'a sun ce ba ta wannan ƙofar ake shigarta ba. Sai na yi jarrabawar 'yan sakandare, hawa biyu, wadda mu 'yan sana'a ba a taɓa koya mana ba. Na gwada ta farko ina aiki ina karatu, na faɗi. Sikolashif ya ƙare, aka ce in dawo gida."

Muryar Alhaji ta yi sanyi. "Yanzu in ka sake ɗaura ɗamara, shekara nawa?"

"In komai ya tafi daidai, Baba, bakwai. In kuma na samu mai ɗaukar nauyina."

Alhaji bai bar malami ba daga Bakori har Malumfashi. Ya ce zai yi azumi, zai ciyar, zai yanka sa. Amsa ɗaya suka ba shi: furucin saki ba shi da kaffara. Ya dawo gida ya daina ko leƙa kasuwa.

"Zan jira, Inna," in ji Shafa'atu. "Ko shekara goma ce."

"Ki jira me? Yaron nan hannunsa ke da karatu, kuma ya kai ƙarshen nasa."

"To na haƙura da shi! Wallahi ba zan shiga ɗakina ta kan naki ba!"

Ta kuwa aika wa Abdussamad ya nemi wata. Shi kuma ya ce ko kusa. Haka aka ƙara shekara, shi yana fama da littattafan yara bayan ya tashi aiki, ita tana ƙarewa tsaye kamar karan dawa bayan girbi. Jarrabawa ta zo, ya sake faɗuwa. Abin tausayi, ranar ko kuka Shafa'atu ta kasa yi.

Washegari Inna Hansai ta same Alhaji a turakarsa, Shafa'atu na jiyo su daga bakin rijiya.

"Alhaji, a ɗaura."

"Hansai, kin san abin da kike faɗa? Saki na uku ne, babu damar ki dawo fa!"

"Na sani. Ni na ci zamanina a gidan nan, na haifa, na aurar. Ita ko farawa ba ta yi ba. Kai ka furta, ni zan biya."

Shafa'atu ta ruga ta rungume ƙafafunta tana roƙo. Inna ta ɗago ta. "In kika ƙi, ban yafe ba."

Ranar Juma'a aka ɗaura. Ana shafa fatiha a ƙofar gida maroƙi ya ɗaga murya, wata ta rangaɗa guɗa, ba wadda ta taya ta. Inna ta ja mayafi ta rufe kanta, don daga wannan lokacin mai gidan ba mijinta ba ne. Ita ta yi wa 'yarta faɗan aure, ita ta kama hannunta har bakin mota. Sannan ta ɗauki ƙullin kayanta ta hau motar Kafur, garin iyayenta. Alhaji yana tsaye jikin bango, dattijo da furfura, yana kuka wiwi a gaban Sandan da ya so ya burge.

Haƙurin Shafa'atu ya biya, ta samu wanda take so, kuma Abdussamad ya riƙe ta da amana. Amma har ta tsufa ba ta ƙara halartar ɗaurin aure ta tsaya jin guɗa ba.

Iyaye, kafin ku gindaya wa yaro sharaɗi kan karatu, ku tambayi inda hanyarsa ta nufa. Kuma komai zafin gori, kada mutum ya rantse da auren da ba shi kaɗai ke cikinsa ba.